Karatun gaba da digiri a kan otizim: me ake koyarwa, kuma wa ya dace ya nema?

Daren wata Alhamis ƙanwata ta turo mini wani shafi ta WhatsApp, ta biyo shi da saƙon murya: "Yaya, don Allah duba mini wannan. Wai ana yin mastas a kan lalurar yaron nan, kuma har iyaye suna ɗauka. Kana ganin in nema?"

Yaron da take nufi ɗanta ne na fari, mai shekara shida. Bai fara haɗa kalma biyu ba sai da ya haura huɗu. Da zarar an tayar da janareto, sai ya toshe kunnuwa da tafin hannu ya shige bayan ƙofa, ya yi ta kaɗa jiki gaba da baya har sai an kashe. Yana da marafan kwalaben lemo cike da gwangwanin madara, kullum da hantsi sai ya jera su a bakin tabarma, ja da ja, kore da kore. Wanda duk ya ture masa guda ɗaya, to ya jawo wa gidan kukan awa guda. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, kuma a yau ina iya tuna fuskokin yara biyu ko uku masu irin wannan hali da suka zauna a bencin baya na ajina, na wuce su ban san abin da nake gani ba. Shi ya sa tambayar tata ta tsaya mini a rai, na ce mata ta ba ni kwanaki in bincika.

Sunan abin ma kansa akwai magana a kai. A rediyo da jaridunmu ana cewa galahanga, amma a bakin mutane kalmar takan haɗa har da yaron da gaɓoɓinsa suka sandare saboda wahalar haihuwa, da wanda kaifin fahimtarsa ya yi ƙasa. Waɗannan lalurori ne daban-daban. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun daga ciki, kuma yana bayyana ta fuskoki biyu: yadda mutum yake mu'amala da isar da saƙo ga jama'a, da kuma yadda yake manne wa tsari guda, yake maimaita abu, yake jin ƙara ko haske ko taɓin tufafi fiye da yadda sauran mutane suke ji, ko ƙasa da haka. Wani ba ya magana sam, wani kuma farfesa ne a jami'a. A shekarun baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. A Amurka, inda ake bin diddigi sosai, alƙaluman da aka fitar a 2025 sun ce 1 cikin 31 ne a tsakanin 'yan shekara takwas. Zan riƙa cewa otizim a nan don kada a rikita.

Shi karatun, a tsarin Birtaniya inda ya fi daɗewa, hawa uku ne a kan tsani guda. Idan ka tara kiredit 60 ka tsaya, za a ba ka satifiket na gaba da digiri. Idan ka kai 120, difloma ce, irin wadda muke kira PGD a nan. Idan ka ƙara da kundin bincike ka cika 180, ka yi mastas. Kowane kiredit ana lissafa shi a matsayin aikin awa goma, ke nan mastas ɗin yana neman kusan awa 1,800 daga rayuwarka. Jami'ar Birmingham tana da cibiya ta musamman ta koyarwa da bincike a kan otizim, kuma ta daɗe tana gudanar da karatun daga nesa. Jami'ar Sheffield Hallam da ta Strathclyde da ke Glasgow su ma sun yi suna a fannin, haka Jami'ar Griffith a Ostareliya. Yawancin ɗaliban ba sa barin aikinsu. Suna karatu da dare ta intanet, a shekara biyu ko uku. Galibi ana neman digiri na farko da kuma shaidar cewa kana hulɗa ta yau da kullum da masu otizim, wasu jami'o'in kuma sukan duba gogewar mutum idan takardunsa ba su cika ba.

Abin da ya ba ƙanwata mamaki shi ne a ce uwa za ta zauna aji ɗaya da likita da malamin makaranta da jami'in walwala. A tunaninmu ilimi daga sama yake gangarowa: likita ya faɗa, uwa ta ce to. Amma wanda ya san tarihin wannan fanni ba zai yi mamaki ba, domin sau da dama iyaye ne suka gyara wa masana kuskurensu.

A 1943 ne wani likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, Leo Kanner, ya wallafa bayanin yara 11 da ya ga suna da wani hali iri ɗaya da ba a taɓa siffanta shi haka ba. Bayan shekara guda wani likitan yara, Hans Asperger, ya yi nasa bayanin a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Daga nan aka shiga neman dalili, kuma aka ɗora laifin a kan uwa. Aka ce uwa ce mai sanyin zuciya kamar firji, ba ta rungumi ɗanta ba, shi ya sa ya janye daga duniya. Bruno Bettelheim na Chicago shi ya fi yayata wannan magana, kuma an yi shekaru ana raba yara da iyayensu da sunan magani. Ka ɗan tsaya ka ji wannan a jikinka: mace ta kwana ba barci da yaro, gari ya waye masani ya ce ita ce cutar. Mu ma muna da namu salon. "Wajen ɗaukar ciki ta yi wanka da magariba." "Kishiya ce ta yi mata sammu." "A danginsu ne." Harshen ya bambanta, amma wadda ake nuna wa yatsa ita ce dai.

Wanda ya fara rusa wannan ƙarya da hujja uba ne. Bernard Rimland masanin halayyar ɗan'adam ne da aka haifa masa ɗa mai otizim. Ya dubi matarsa ya ga ba abin da ake faɗa ba ne, ya zauna ya tattara duk binciken da ke akwai, a 1964 ya fitar da littafin da ya nuna cewa tushen abin a halittar ƙwaƙwalwa yake. A Landan kuma, wasu iyaye ne suka haɗu a 1962 suka kafa ƙungiyar da ta zama babbar ƙungiyar otizim ta ƙasar. A cikinsu akwai Lorna Wing, likitar ƙwaƙwalwa wadda 'yarta take da lalurar. Ita da Judith Gould suka bi yaran unguwar Camberwell da ke Landan, a 1979 suka nuna cewa otizim ba siffa ɗaya tak ba ce, zango ne mai faɗi da mutane suke warwatse a cikinsa. Wannan fahimta ita duniya take aiki da ita yau; a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta narkar da tsofaffin rabe-raben, har da wanda ake kira da sunan Asperger, ta mai da su suna ɗaya. Binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka yi a 1977 shi ya buɗe ƙofar gane cewa gado yana da babban kaso a ciki.

Akwai kuma na baya-bayan nan mai ciwo. Oliver McGowan saurayi ne ɗan shekara 18 mai otizim a Ingila. A 2016 aka kwantar da shi a asibiti saboda farfaɗiya. Shi da iyayensa sun gaya wa likitoci cewa wani rukunin magungunan taɓin hankali yana yi masa illa, amma aka ba shi, kuma ya rasu a watan Nuwamban shekarar. Mahaifiyarsa, Paula, ba ta zauna ba sai da dokar lafiya ta 2022 ta wajabta horar da ma'aikatan lafiya da na kula da jama'a a kan otizim da naƙasar fahimta. Horon da gwamnati ta tsara yana ɗauke da sunan ɗanta, kuma masu lalurar da kansu suna cikin masu koyarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'o'in da suka buɗe ƙofa ga iyaye sun koyi wannan ne da tsada.

To me ake koyarwa a ciki? Kwasa-kwasan sun bambanta, amma akwai abubuwan da kusan duka suke taɓawa. Ana farawa da ra'ayoyin masana a kan yadda mai otizim yake fahimtar duniya, tare da sukar kowane ra'ayi. Misali, an daɗe ana cewa mai otizim ba ya iya karanta abin da ke zuciyar wani. A 2012 Damian Milton, masani wanda shi kansa yana da otizim, ya juya tambayar: mu ɗin muna iya karanta abin da ke zuciyarsa? Ya ce gazawar fahimtar ta ɓangare biyu ce. Wannan magana ta sauya yadda nake kallon ɗan ƙanwata. Shekara da shekaru muna cewa ba ya gane mu, alhali kullum yana gaya mana da hannuwansa biyu a kan kunne cewa ƙarar janareto tana yi masa zafi, mu ne ba mu gane ba.

Daga nan sai sadarwa, wato hanyoyin da yaron da ba ya magana zai nemi abu da hoto ko alama ko na'ura. Sai tsara aji da gida yadda yaro zai san abin da ke tafe, irin tsarin TEACCH da Eric Schopler ya assasa a jihar North Carolina. Sai nazarin abin da ke jawo birkicewa, a gano mafarinsa maimakon a hukunta ƙarshensa. Ana shiga muhawarar da ta raba kan masu fannin a kan horon ɗabi'a da ake kira ABA, wanda Ivar Lovaas ya yi fice da shi a 1987 da tsarin awa 40 a mako. Wasu iyaye suna yaba shi, da yawa daga manya masu otizim da aka yi musu shi suna yara kuma suna cewa an koya musu ɓoye kansu ne kawai. Kwas mai kyau zai sa ka karanta ɓangarorin biyu. Ana kuma magana a kan 'yan mata, waɗanda sukan iya kwaikwayon ƙawaye su ɓoye wahalarsu har a makara wajen gane su, da kan balaga, aiki, aure da tsufa, tunda yaron nan ba zai dawwama yana ɗan shekara shida ba.

A ganina, darasin da ya fi kowane amfani ga mutumin ƙasarmu shi ne wanda ɗalibai suka fi gudu: hanyoyin bincike. Shi ne yake koya maka ka tambaya, mutum nawa aka gwada, da wa aka kwatanta su, wa ya biya kuɗin aikin. A 1998 Andrew Wakefield ya wallafa wata maƙala a mujallar Lancet a kan yara 12 kacal, wadda ta haifar da tsoron cewa rigakafin ƙyanda yana kawo otizim. A 2010 mujallar ta janye maƙalar, aka kuma soke lasisinsa na likita. A 2019 wani bincike a Denmak da ya bi yara sama da 650,000 bai ga wata alaƙa ba. Duk da haka har gobe maganar tana yawo a wayoyinmu, kuma mu da muka ga abin da jita-jitar rigakafin shan-inna ta jawo mana a 2003 mun san kuɗin irin wannan. Uwar yaro mai otizim kasuwa ce ga duk mai son cin kuɗi: wannan ya zo da garin magani, wancan da wani abinci na musamman daga waje, wani da alƙawarin zai yi magana cikin kwana arba'in. Ƙanwata ta sayar da sarƙarta da ɗankunne a kan irin wannan. Addu'a kam ba wanda ya isa ya hana mu, kuma muna yi. Wanda nake magana a kansa shi ne mai sayar da tabbacin warkewa daga abin da ba ciwo ne mai tafiya da ƙwaya ko hayaƙi ba.

Yanzu ga inda mutane suke ruɗuwa. Takardar wannan karatu ba ta mai da kai likita, kuma ba ta ba ka ikon yanke cewa yaro yana da otizim. Tantancewa aikin likitan yara ne ko na ƙwaƙwalwa ko ƙwararren masanin halayya, kuma kayan aikin da suke amfani da su suna da nasu horon daban. Ba ta mai da kai mai gyaran magana ko mai horar da gaɓoɓi. A Najeriya waɗannan suna da hukumar da take yi musu rajista, kamar yadda malamai suke da TRCN. Abin da take yi shi ne ta zurfafa ka a aikin da kake da shi tun farko. Malami zai zama malamin da ya san abin da zai yi da yaron bencin baya. Nas a sashen yara za ta gane alamun da wuri ta tura inda ya dace. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: binciken da Muideen Bakare da abokan aikinsa suka yi daga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Enugu tun wajen 2008 ya nuna giɓi babba a sanin otizim a tsakanin ma'aikatan lafiya kansu. Amma duk wanda ya dawo da satifiket na wata tara ya kafa allo yana "gwada yara" yana karɓar kuɗi, ya ci amanar karatun.

Sannan karatun a can aka dafa shi, da tukunyar can. Ranar da aka kai ɗan ƙanwata asibiti, ina wurin. Aka tambaye ta, idan kin kira sunansa yana waiwayowa? Ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinmu ya ci. Ba ta taɓa furta sunan ba, Abba kowa yake ce masa. Shekararsa ta biyu da ta uku ma a ɗakin Hajiyarmu ya yi su, don haka wadda ta san lokacin da ya daina gwalantun da ya fara tana gida ba a zo da ita ba. Aka tambaya ko yana kallon mutane cikin ido. A gidajenmu yaron da ya ƙura wa babba ido ai rashin kunya ya yi, wanda ya sunkuyar da kai a gaban likita kuma tarbiyya ya nuna. A cikin shahararren gwajin da ake yi wa ƙananan yara a duniya akwai wurin da ake shirya wa 'yar tsana bikin zagayowar ranar haihuwa, da kek da kyandir, a ga ko yaro zai shiga wasan. Yaron da ya taso a ƙauyen Kazaure bai taɓa ganin wannan ba. A ba shi gwangwani da ƙasa a ce a yi girkin wasa, ko a goya 'yar tsana a yi suna, sai a ga ainihin abin da ake nema. Ba malamin Birmingham ne zai yi mana wannan gyara ba. Sai ɗanmu ko 'yarmu da suka yi karatun, suka san me kowace tambaya take auna, suka kuma san yadda ake zama a tsakar gidan Bahaushe. Idan akwai dalili guda da zai sa in ce wa matashin malami ko likita ya je ya yi mastas ɗin nan, to wannan ne: ya yi kundinsa a kan yaranmu, da Hausa a bakinsa.

Kuma an gwada irin haka a wani wuri ya yi aiki. A Birtaniya, Jonathan Green na Jami'ar Manchester da tawagarsa sun gwada wani tsari a kan yara 152, inda ake ɗaukar bidiyon uwa ko uba suna wasa da yaro, sannan a zauna a kalla tare, a nuna musu 'yan ƙananan saƙonnin da yaron yake aikowa suna wuce su. Sakamakon farko a 2010 ya nuna mu'amalar iyaye da yaran ta inganta, ko da yake alamun lalurar ba su ragu sosai ba. Da aka sake bibiyar yaran aka wallafa a 2016, sai aka ga tasirin ya ɗore. Daga baya aka sauya wa tsarin kama ya dace da Goa a Indiya da Rawalpindi a Pakistan, kuma ma'aikatan da ba ƙwararru ba ne suka gudanar da shi ƙarƙashin kulawar masana. Ƙwararre ɗaya mai zurfin karatu, a ƙarƙashinsa mutum ashirin masu horo na gajeren lokaci, a ƙarƙashinsu iyaye ɗari: wannan lissafin shi ya dace da ƙasar da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri suke ɗauke da jihohi da yawa kowannensu.

Batun kuɗi ba sai an ja shi ba. Ɗalibin ƙasar waje yana biyan dubban fam, kuma a canjin yau miliyoyin naira ne masu yawa. Akwai tallafin ƙungiyar Commonwealth na karatu daga nesa, amma kwasa-kwasan da yake ɗauka suna sauyawa duk shekara. Akwai Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, mai neman gogewar aiki ta shekara biyu. Malaman manyan makarantu kuma suna da asusun TETFund, ko da yake a 2025 ya dakatar da tallafin karatun ƙasar waje. A gida, Jami'ar Bayero da ta Jos da ta Ibadan suna da sassan ilimin masu buƙata ta musamman da suke kai mutum har digiri na uku, kuma ba abin da zai hana ɗalibi ya karkata bincikensa ga otizim. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba yaran nan haƙƙin ilimi, sai dai doka ba ta shiga aji ta koyar. Wani ne zai shiga.

Abin da na gaya wa ƙanwata ke nan da muka zauna a ɗakin Hajiya bayan la'asar. Na ce mata ta raba tambayarta biyu. Idan abin da take so shi ne ta taimaki Abba a wannan shekarar, awa 1,800 na karatun mastas daga lokacinsa za a yanke su, kuma akwai hanya mafi kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da masu kula da yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma, zama tara a rukuni da ziyara uku a gida, ba ya ma buƙatar sai an tantance yaro, kuma a 2022 aka fitar da shi kyauta a intanet. Idan kuma tana jin cewa wannan ne aikin rayuwarta, tana so watarana ta tsaya gaban shugabannin makarantu da jami'an ma'aikatar ilimi a saurare ta, ta horar da wasu iyayen, to ta fara da hawa na farko, kiredit 60, ta ga yadda zai zauna da gidanta.

Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ni fa matan da nake haɗuwa da su a layin asibiti ne suke damuna. Wata daga Ɗambatta take zuwa, ɗanta ya kai goma, ɗaure shi take yi da zane a jikin gado idan za ta je ɗebo ruwa. Ba mugunta ba ce, ba ta da yadda za ta yi."

Ta fara da shirin na kyauta a wayarta, tana yi bayan ta kwantar da yara, tana rubuta abin da ta fahimta da Hausa a littafi mai layi arba'in. Ta yanka hotunan kofi da buta da takalmi da ƙwai ta manna a kwali ta rataye daidai tsayinsa a bakin ƙofar kicin. A mako na uku Abba ya bar marafansa a jere, ya je ya ciro hoton kofin ya sa mata a hannu. Takardar neman gurbin satifiket ɗin tana nan ta cike rabi, tana jiran sakamakon jarrabawar Turanci, littafin kuma ta ba matar Ɗambatta aro, za ta dawo mata da shi ranar asibiti mai zuwa.